Wurin Mai Bayarwa Kusa da Mutanen Allah: Daga Allon Rafayel Zuwa Ƙasar Kabi

A wajajen shekarar 1512, 'yan shekaru kaɗan kafin Kanta na Kabi ya raba gari da Askiya Muhammadu na Songhai a kan rabon ganimar yaƙin Agadas, wani matashin mai zane da ake kira Rafayel ya gama wani allo a birnin Roma. Tsawon allon ya haura mita 3, kuma an yi shi ne don a kafa a bayan bagaden majami'ar Arakoyeli. A samansa an zana Nana Maryamu zaune bisa gajimare, tana riƙe da ɗanta. A ƙasa, ta hannun hagun mai kallo, ga siffar da Kiristoci ke yi wa Annabi Yahaya, sanye da fata, yana nuni da yatsa zuwa sama, kusa da shi kuma waliyyi Faransis na Asisi a durƙushe. Ta hannun dama ga wani tsoho mai farin gemu, waliyyi Jerom, ya ɗora tafin hannunsa a ƙeyar wani dattijo ramamme, wanda ya durƙusa cikin jar alkyabba ya haɗa hannuwansa. Wannan dattijon ba annabi ba ne, ba waliyyi ba ne. Sunansa Sigismondo Konti, magatakardan Fafaroma Yuliyus na Biyu, kuma shi ya biya kuɗin aikin. Can nesa a bayansu ana hango garin su Konti, Folinyo, da bakan gizo a kansa da wani dunƙulen wuta yana faɗowa, abin da ya sa ake cewa allon godiya ce don gidansa ya tsira daga tsawa. Konti ya rasu a 1512 ɗin, aka binne shi a majami'ar. An kai allon zuwa Folinyo a 1565, sojojin Faransa suka kwashe shi zuwa Faris a 1797, yau kuwa yana gidan adana kayan tarihi na Fatikan.

Babu wanda ya shiga wannan allo bisa tsautsayi. Majami'ar ta mabiya Faransis ce, shi ya sa Faransis yake ciki. Jerom kuwa malamin da ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin ne, kuma ya taɓa yi wa wani fafaroma, Damasus, aikin magatakarda a ƙarni na 4. Ashe Konti ya zaɓo waliyyin da sana'arsu ta zo ɗaya ne ya yi kamun ƙafa da shi, yana gaya wa duk wanda ya shigo ibada cewa aikin alƙalami a fada ma hanya ce ta samun tsira. Irin wannan aiki kuma da takardar yarjejeniya ake yin sa. Akwai wadda aka rubuta a Filorans a 1485 tsakanin shugaban gidan marayun birnin da mai zane Girlandayo, inda aka sharɗanta masa ya yi aikin da hannunsa, ya gama cikin wata 30, ya yi amfani da shuɗin da oza guda ta kai kimanin fulorin 4, a biya shi fulorin 115. Shuɗin daga wani dutse ake niƙo shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakshan na Afganistan. Shi kuwa fulorin, kuɗin zinariyar da Filorans ta fara bugawa a 1252, wani kaso na zinariyar da ake buga irinsa da ita ta hamada ya ratso daga ƙasashenmu na Yammacin Sudan. Saboda haka mutum uku ne a tsaye bayan kowane allo irin wannan: mai bayarwa, mutumin Allah da ake raɓa, da gwanin da ya yi aikin.

Wannan hulɗa ta mutum uku ita ce ainihin al'adar, zanen kuwa sutura ce kawai da Italiya ta sa mata. Hulɗar tana nan a kwarin Rima tun daga Surame har Gwandu da Argungu da Augie, kuma wanda ya iya karanta ta zai ga abubuwa a tarihin Kabi da jerin sunayen sarakuna ba ya nunawa. Ba ma a iya cewa duniyoyin biyu ba su san da juna ba. Hasan al-Wazzan, mutumin Fas, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka kai wa Fafaroma Liyo na Goma, wanda Rafayel ya zana a wannan shekarar. A Roma ya rubuta littafinsa kan Afirka, ya gama a 1526, a ciki ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Zazzau da Zamfara. A ɓangarenmu kuma, a ƙarshen ƙarni na 15, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya saukar da Shehu al-Maghili, malamin ya rubuta masa littafin nasiha kan mulki, kuma har yau ba a ambaton ɗaya ba tare da ɗayan ba. Askiya da kansa, da ya je hajji a 1496 zuwa 1497, ya sayi wuri a Madina ya bar shi waƙafi ga alhazan ƙasashen Takruru.

Mai karatu Musulmi yana iya tsayar da maganar tun daga nan, ya ce kwatancen bai ma taso ba. Musulunci bai yarda a zana annabawa ba, bai yarda a kafa siffar mai rai a alƙibla ba, kuma malaman Malikiyya sun ƙi ko da adon da zai ɗauke hankalin mai salla. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa babu wani masallaci a Birnin Kabi ko Argungu da za a tarar da fuskar wanda ya gina shi a bango. Amma hana zane bai kashe buƙatar da ta haifi zanen ba. Mai mulki da mai dukiya sun san abin da ke hannunsu bai rasa ƙura ba, suna tsoron kwanciyar kabari kamar kowa, kuma suna so jama'a ta gan su a gefen salihai. Da aka rufe musu ƙofar bango sai suka nemi wurin a ƙasa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato a 1817, aka binne shi a gidansa, wurin ya zama Hubbare. 'Yarsa Nana Asma'u tana kwance kusa da shi. Sarakunan Musulmi na baya-bayan nan, Abubakar na Uku a 1988, Muhammadu Macciɗo a 2006, Ibrahim Dasuƙi a 2016, duk can aka kai su. Mai ziyara da ya shiga don ya yi wa Shehu addu'a ba zai fito ba sai ya wuce ta gefensu, kuma addu'ar tasa za ta shafe su. Abin da Konti ya nema ke nan da ya sa aka binne shi a majami'ar da allonsa yake: duk wanda ya ɗaga ido wajen ibada ya tuna da shi. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma manyanmu sun yi fatan haka albarka ma take shafar maƙwabci.

A ƙasar Kabi ne aka fi ganin cewa zaɓen wanda za a raɓa magana ce ta siyasa, domin a nan gidaje biyu na sarauta suka yi zaɓi biyu mabambanta, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, daga baya yammacin daular Sakkwato ya zama a hannunsa, kuma a Gwandu kabarinsa yake. Duk wanda ya hau gadon Gwandu, da wannan malami yake tinƙaho, marubucin tafsirin Liya'ut Tawili da littattafan shari'a, ko da yake fadar ta koma Birnin Kabi. Kabawa kuwa ba su da wannan damar. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya sun ja daga a Argungu da Augie da Gulma da Zazzagawa. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya yi zaman shekaru a hannun Sakkwato, sannan a 1849 ya sake ɗaga tutar Kabi, aka yi ta gwabzawa, in ban da ɗan sararin da aka samu na sulhun Lafiyar Toga, har zuwan Turawa. Mutanen da suka shafe rabin ƙarni suna yaƙi da jikokin Shehu, duk da cewa su ma masu salla ne, ba za su iya jingina sarautarsu da albarkar gidan Shehu ba. Sai suka jingina ta da Kanta, wanda ya gina Surame da dutse, ya tsaya wa Songhai, ya kara da Barno. Tsohuwar fadar Argungu, Gidan Nabame, ta daina zama mazaunin sarki a 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958, aka sa mata sunan Kanta, kuma a nan ake binne sarakunan Kabi. Gwandu ta kwantar da sarautarta kusa da malami, Argungu ta kwantar da tata ƙarƙashin sunan mayaƙi. Ko a Italiya ma yaƙi yana shiga allon ibada. A wanda mai zane Tishiyan ya yi wa gidan Pesaro a Fenis tsakanin 1519 da 1526, an zana wani kamamme mai rawani a bayan mai bayarwar, don tunawa da tsibirin da mai bayarwar ya ƙwace daga Turkawan Usmaniyya a 1502.

Idan kuwa ana neman abin da ya fi kusa da tsarin allon kansa, wato wane ne a sama, wane ne a gefe, wane ne a durƙushe, to a bakin makaɗan fada za a same shi. Duk wanda ya saba sauraron masu taushi da kotso ya san yadda suke jera mutane. Sukan fara da sunan Allah, su yi salati ga Manzo, su kira waliyyai irin su Abdulƙadir Jilani, sannan su gangaro kan kakanni, sai a ƙarshe su kawo ubangidansu su zaunar da shi a ƙarƙashin wannan jeri. Makaɗin Sakkwato ko Gwandu zai danganta sarkinsa da Shehu da Bello da Abdullahi, makaɗin Argungu, irin su Aliyu Ɗandawo da ya yi wa wannan fada waƙa kafin ya zauna Yawuri, da Kanta da zuriyarsa zai haɗa nasa. 'Yan amshi suna maimaita gindin waƙa, sarki yana zaune yana ji, fadawa suna ji, talakawa a ƙofar fada suna ji. Ana biyan makaɗi da doki da riga da hatsi, yadda ake biyan mai zane da fulorin. Bambancin shi ne allo yana iya shekara 500 a tsaye, waƙa kuwa kafin zuwan rediyo da faifai tana raye ne muddin akwai bakin da ya haddace ta. Wannan ne ya sa muke da kirarin Kanta amma ba mu da sunan wanda ya fara yi masa shi.

Akwai ƙorafi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Wani zai ce duk wannan riya ce, a Roma ne ko a Rima: mai kuɗi yana sayen suna da sunan Allah, kuma bai kamata marubuci ya yi wa riya ado ba. Wannan zargi ba sabo ba ne, daga cikin gida ya fara fitowa a ɓangarorin biyu. A Filorans, mai wa'azi Sabonarola ya caccaki attajiran da ke sa tambarin gidajensu a kayan majami'a, da masu zanen da ke ba wa tsarkaka fuskokin matan gari, har mabiyansa suka ƙona kayan ƙawa a dandali a 1497, shi ma aka kashe shi a shekarar da ta biyo. A 1566 jama'a suka farfasa siffofi a majami'un ƙasar Holan da maƙwabtanta. A nan gida kuma, ba wani ne ya fara kokawa ba sai Abdullahin Gwandu da kansa. Bayan cin Birnin Kabi da ɗan lokaci ya ga 'yan'uwansa sun karkata ga mulki da tara abin duniya, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas da niyyar barin ƙasar, har sai da mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Tun kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 kuma, maganar neman albarka a kaburbura ta zama abin muhawara a kowane gari. To amma amsar ita ce, niyya Allah kaɗai ya san ta, mai nazarin tarihi kuwa aiki yake gani. Ko da zuciyar mai bayarwa ta gauraya, masallacin ya tsaya, an yi salla a ciki, almajirai sun sami inuwa, magini ya ci abinci. Kuma akwai abin da masu zargin ba su cika lura da shi ba: a duk waɗannan tsare-tsare, mai iko a ƙasa ake ajiye shi. Konti a durƙushe yake, hannun wani a ƙeyarsa. Sarkin Musulmi a gefen Shehu yake kwance, ba a tsakiya ba. A waƙa ma sai an gama da Allah da Annabi da waliyyai ake zuwa kansa. Al'adar da ke tilasta wa mai mulki ya amsa a bainar jama'a cewa akwai na gaba da shi, ba ƙaramin amfani ta yi wa talaka ba, ko da shi mai mulkin ya amsa ne don a yabe shi.

Wuri guda da ɓangarorin uku suke haɗuwa a rubuce a ƙasarmu shi ne Alƙur'anin hannu. Alaramma yakan zauna da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa, ya rubuta baƙaƙe da baƙa, wasula da ja, ya ɗiga hamza da rawaya. A farkon kowane rubu'i na littafin yakan cika shafi da zayyana, murabba'i cikin murabba'i, babu siffar mutum ko dabba. Ba a ɗinke warƙoƙin, a tsakanin allunan fata biyu ake ɗaure su a zura cikin gafaka. A warƙar ƙarshe marubuci yakan sa sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da sunan wanda ya sa aka rubuta, ya roƙi mai karatu ya yi musu addu'a su da iyayensu. Idan an ɗaga irin wannan takarda ta ƙarni na 19 a hasken rana, sau da yawa za a ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Masana'antun arewa maso gabashin Italiya, yankin da ke bayan Fenis, su suka riƙa yin ta don kasuwannin Musulmi, fatake suka kawo ta ta Tarabulus da Masar. Ƙasar da ta yi allunan bagade ita ta sayar mana da takardar da muka rubuta Alƙur'ani a kai.

Ban da wannan warƙa ta ƙarshe, mutum na uku ya ɓace mana kusan gaba ɗaya, kuma nan ne kwatancen yake da zafi. An san wanda ya zana allon Folinyo, an san shekarar, an san ya rasu a 1520 yana da shekara 37. Ganuwar Surame kuwa, wadda gwamnati ta ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa a 1964, sunan Kanta kaɗai ke kanta, alhali ba shi ya jera duwatsun ba. Maginin da sunansa ya tsira a ƙasar Hausa ta zamanin da, wanda kowa ya sani, shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, da ya gina wa Sarkin Zazzau Abdulkarimu masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830. Da tubali da azarar giginya ya ɗaga bakan gizon da ke riƙe da rufin, ya yi wa ginshiƙan ado da zane mai zurfi tun ƙasa tana ɗanya. Labarin baka ma cewa ya yi wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani irinsa. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, ya nuna yadda jama'a suka fahimci matsayin gwani a gaban ubangida.

Za a iya cewa ɓoye suna tawali'u ne, kuma aikin Allah ba ya son talla. Da haka ne, da sunan mai bayarwa ma ya ɓoyu. Amma a bi masallatan Juma'a da aka gina cikin shekarun nan daga Birnin Kabi zuwa Argungu zuwa Augie, a duba allon dutsen da ake mannawa a bakin ƙofa. Akwai sunan wanda ya ba da kuɗi da muƙaminsa, akwai sunan babban da ya buɗe, akwai ranar buɗewa ta Hijira da ta Miladiyya, galibi da ambaton sadakatul jariya ga iyayensa. Sunan maginin da ya fitar da alƙibla, da kafintan da ya ɗaura rufi, da mai rubutun da ya zana ayoyi a mihrabi, da wuya a gan su. Tawali'un da ke faɗa wa mai aikin hannu kaɗai, ya tsallake mai kuɗi, ba daga addini ya fito ba, daga tsarin da ya ɗauki sana'ar hannu a matsayin ta talaka ya fito. Illarsa kuma ta wuce ta rashin adalci, domin idan sunan gwani ya ɓace, hanyar zuwa ga almajiransa ma ta ɓace, sai ginin ya rasa mai gyara shi yadda aka yi shi. Masallacin Durugu an lulluɓe shi da sabon gini na siminti a shekarun 1970. A watan Agustan 2023 wani sashe na rufinsa ya rufta ana sallar La'asar, ya yi ajalin masallata. Wanda yake son ganin siffar ginin ta asali a yau, sai ya tafi Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwatankwacinsa bisa awon da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya ɗauka.